Faifan bikin yayata yana tsayawa a tsakiya, me ke kawo haka?

ɗan_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah masu sanin kayan wuta ku taimaka min. Akwai DVD ɗin bikin yayata da mai kamera ya ɗora mana tun 2009, Hajiyarmu ta ce a sa mata don da yawa cikin 'yan uwan da ke ciki sun riga mu gidan gaskiya, to yana farawa lafiya lau amma da an kusa wajen kai amarya sai hoto ya fara kakkaryewa murya na yankewa sannan ya tsaya cak. Kuma wlh ƙasansa ba wani karce sosai. A wannan lektar ɗin dai, wato injin da muke kunna faifai da shi, na sa CD ɗin karatun Alƙur'ani da baba ya sawo a Makka, duk ya sha karce amma ko tsalle bai yi ba. Wai mene ne a cikin faifan nan da har hoto da murya ke zama ciki? kuma wannan namu zai gyaru?

mai_gyara_Zango:
Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Irin wannan kusan kullum sai an kawo min shago, kuma mutane lektar suke zargi alhali sau da yawa faifan ne.

Faifan nan biyu da ka ambata ba iri ɗaya ba ne ko da ido yana ganin su ɗaya. Na baba bugun kamfani ne, roba ce ake narkawa a danna ta a kan mazubi sai 'yan ramuka ƙanana su fito a jikinta waɗanda ido ba ya gani, sannan a shafa alminiyam siriri a kai don ya mayar da haske. Ramukan a jere suke a kan layi ɗaya tak da ya naɗe daga tsakiya yana fita waje, kamar yadda mata ke fara saƙar faifan kaba daga cibiya su yi ta zagayawa har baki. In ka sa shi a lektar, wannan abin da muke ce ma ido shi ke harba hasken leza daga ƙasa, inda wuri ke a shafe haske ya dawo da ƙarfi, inda ya faɗa kan rami ya dawo da rauni, to wannan canjin ne inji ke ƙirgawa ya mai da shi murya. Ba abin da ke taɓa faifan sam, haske ne kawai, shi ya sa ba ya cinyewa da yawan saurare irin kaset na da.

Shi kuwa na bikin ba rami ko ɗaya a cikinsa. Juya shi ka duba, za ka ga ƙasansa shuɗi-shuɗi ne mai ɗan ja, ba fari kamar azurfa ba. Wannan rini ne aka shimfiɗa a ciki, lokacin da mai kamera ke ɗorawa leza mai ƙarfi ce ke ƙona rinin ɗigo-ɗigo, ɗigon ya tsaya a madadin rami. Matsalar ita ce rini ba ya son rana ba ya son zafi, mu kuma nan Damagaram ka san yadda bazara take, a ajiye faifai kan tele ko bakin taga ƙarƙashin rufin kwano shekara da shekaru, ɗigon sai ya dinga dusashewa har ido ya kasa rabe inda aka ƙona da inda ba a ƙona ba. Kuma tunda daga ciki ake fara karatu, ƙarshen biki yana can bakin faifan, wurin da yatsa ke kamawa kuma wurin da ya fi saurin lalacewa. Shi ya sa farko ke tafiya ƙarshe ya ƙi.

Ka daina sa shi a lektar yanzu. Ka nemi mai ordinatar, wato kwamfuta, da ke da wurin sa faifai ya kwashe maka bidiyon.

malamin_lise:
Sannu da ƙoƙari maigida, bayani ya fito. Bari in ɗan ƙara don ɗalibaina suna yawan yi min wannan tambayar. Kamfanonin Philips da Sony ne suka haɗu suka fito da CD, ya shiga kasuwa a Japan a 1982. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, amma layin nan da aka naɗe a ciki in da za a warware shi ya wuce kilomita 5, tsakanin zagaye da zagaye kuwa bai kai kashi 2 cikin 1000 na milimita ba. Ita murya ana auna ta sau 44,100 a kowane sakan guda a mai da ita lambobi, sifiri da ɗaya, lambobin ne ke kwance a ramukan. Kuma gudun juyawar ba ɗaya ba ne, in ido na ciki faifan na juyawa wajen sau 500 a minti, in ya kai baki ya sauko wajen 200.

Dalilin da ya sa na baba ke tafiya duk da karce shi ne abin da ya fi burge ni a duk wannan fasaha. Masu ƙirar sun san dole faifai ya karce, sai suka ƙara lambobin tsaro a cikin rubutun kuma suka warwatsa bayanin, lambobin da ke bin juna a murya ba a wuri ɗaya suke ba, saboda haka in karce ya rufe ɗan wuri inji na iya lissafo abin da ya ɓata daga sauran. Lissafin Reed da Solomon ake ce masa, tun 1960 suka fito da shi. A CD yana iya cike giɓin da ya kai wajen milimita 2 a tsawon layi. Ka ga kenan karcen da ya tashi daga tsakiya zuwa baki ba shi da haɗari sosai don ɗan kaɗan yake yanka a kowane zagaye, amma wanda ya bi zagayen shi ne mugu. Shi ya sa in za ka goge faifai kada ka bi da'ira, ka ja tsumma mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki.

DVD ya zo kasuwa a 1996, girmansu ɗaya da CD amma lezarsa ja ce mai siririn baki, ramuka sun fi ƙanƙanta sun fi matsuwa, shi ya sa yake ɗaukar giga 4.7 alhali CD mega 700 ne. Masu shekaruna za su tuna lokacin VCD da finafinan Kano ke zuwa mana Kasuwar Dole faifai biyu-biyu, na 1 da na 2, ai don VCD a kan CD yake kuma bai wuce minti 80 ba, hoton ma matse shi ake yi sosai shi ya sa bai kai na DVD kyau ba. Blu-ray mai leza shuɗiya giga 25 yake ɗauka amma nan wajenmu bai wani zauna ba, kati da waya sun riga shi.

maman_biyu:
Ni dai makilin muke shafawa mu wanke kuma wani lokaci yana yi fa. Ɗan uwa ka gwada ko Allah zai sa a dace, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

mai_gyara_Zango:
Hajiya makilin ɗin yana ɗan taimakawa ne in karce ne mara zurfi a robar ƙasa, don goge bakin karcen yake yi haske ya samu ya wuce. Amma in rini ne ya dusashe ko buhun makilin aka shafa ba abin da zai canza, sai ma a ƙara masa sabon karce, kuma faifan nan guda ɗaya ne ba wani, ni ba zan so a yi gwaji da shi ba kafin a kwashe.

Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, a CD bayanin yana kusa da saman ne, wajen da ake rubutu, ɗan fenti ne kawai ya rufe shi. Duk wanda ya rubuta suna da biro mai tsini ya danna, ya kashe faifan. Ka ɗaga shi wajen haske in ka ga 'yan huji haske na ratsawa to wurin ya tafi har abada. DVD ya fi sauƙi ta nan don roba biyu ce aka manne, kowace milimita 0.6, bayanin na tsakiya.

ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai yayana, na gode malam. Na duba ƙasansa kuma haka yake shuɗi mai ja, bakin ma ya ɗan yi haske-haske. To in lektar ta kasa karantawa yaya ordinatar za ta iya, ba leza ɗaya ba ce?

mai_gyara_Zango:
Leza ɗaya ce amma aikin ba ɗaya ba. Lektar dole ta ba tele hoto nan take, ba ta da lokacin jira, in ta kasa sai ta tsallake ko ta tsaya. Ordinatar kuwa tana iya rage gudu ta koma kan wuri ɗaya ta yi ta maimaitawa har ta samu. Ka ce wa mai kwashewar ya buɗe faifan zai ga wata jaka VIDEO_TS, a ciki akwai manyan fayiloli masu ƙarewa da VOB kowane wajen giga 1, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ba gaba ɗaya ba don in na ƙarshe ya ƙi kada sauran su tafi tare da shi. In ya ƙi a wannan injin ku gwada wani, idanun ba ƙarfinsu ɗaya ba, musamman wanda ƙurar hunturu ta zauna masa a ido. Abin da ya fito ka sa a kile USB ka kuma tura wa yayarka da wani ɗan uwa, wuri biyu ko uku. In akwai wasu faifan suna ko walima na wannan zamanin a akwatin Hajiya ka haɗa da su ka kai gaba ɗaya, don rininsu tare suke tsufa.