Muhawara: Shin kwamfuta ta iya karanta zanen injiniya na hannu?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ni dai na ce zamanin sake zana komai a manhajar zanen injiniya ta AutoCAD ya wuce. Ka zana da fensir, ka ɗauki hoto, manhaja ta fitar maka da shi tsaf. Mai ja ya fito.

Injiniyan lantarki: Ga ni na fito, ƙanena. Wayoyi biyu sun gitta juna a takarda. In akwai ɗigo a mahaɗar, an haɗa su ke nan. In babu, kowacce wucewarta ta yi. Na taɓa gwada wata manhaja da zanena, inda na goge fensir bai fita sosai ba, sai ta ɗauki tabon a matsayin ɗigo, ta haɗa min wayoyin da in suka haɗu sai hayaƙi.

Ɗalibi: Ai wannan laifin magoginka ne, Injiniya.

Malamar kwamfuta: Ku dakata, abu biyu kuke cakuɗawa. Zane a kan allon kwamfuta daban, hoton takarda daban. A allo, na'ura tana ganin inda alƙalami ya fara, inda ya tsaya, da layin da ya riga wani. Tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna manhajar zanensa mai suna Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, yana jan layi da alƙalamin haske, kwamfuta tana daidaita masa. Hoto kuwa duk wannan bayanin ya ɓace, saura baƙi da fari.

Mai zanen injina: Malama, ko a allon ma da sauran rina a kaba. Nakan rubuta 40 a gefen gajeren layi, 25 a gefen dogo, don sauri nake yi ban auna ba. Abokin aikina ya san lambar zai bi. Ga kuma tsarin jera fuskokin abu: Turai da nasu, Amurka da nasu, fuskar da ɗaya zai ajiye a dama ɗayan a hagu yake sa ta. In ban sa alamar tsarin ba, sai a ƙera min abu a juye.

Malamar kwamfuta: Gaskiya ne. Alamomi ɗai-ɗai, kamar na batir ko na makunni, ana koya mata da dubban misalai tana gane su. Wahalar tana wajen sanin nufin mai zanen.

Ɗalibi: To ta riƙa tambaya mana inda ta yi shakka.

Injiniyan lantarki: Ka sauko ke nan. Ɗazu cewa ka yi tsaf take fitarwa. Bari in turo maka zanen nan mai tabo, ka saka a taka manhajar mu gani.