Bel ɗin da ba na fata ba: wanne ne zai yi ƙarko, ya kuma shiga da kwat?

Mai_Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daina sayen kayan da aka yi da fatar dabba, ra'ayina ne kawai, ba muhawara na kawo ba. Takalmi na samu mafita, bel ne ya gagare ni. Wanda nake ɗaurawa yanzu baƙi ne na roba, ranar da na saye shi sai ka rantse fata ce, amma daidai hujin da nake sa tsinken ƙarfen ya dare, saman kuma yana ɓarewa kamar maciji na saɓa, har ɓurɓushi yake bar min a jikin farar riga. Aikin ofis nake yi, kwat da wando kusan kullum, ƙarshen mako kuma jins. Akwai guda ɗaya da zai ɗauki duka biyun? Kuma ta yaya mutum zai tabbatar babu fata a ciki?

Injiniya_B ya amsa:

Wa alaikumus salam malam. Abin da ya samu bel ɗinka ba sakacinka ba ne, haka ƙirarsa take. Yawancinsu siririn fallen wata roba da ake kira PU ne aka manna a kan yadi, wani lokaci ma kwali ake cusawa a tsakiya don ya yi kauri. Duk sanda ka zauna, wurin hujin nan yana lanƙwasa a gurbi ɗaya, gumi da zafin jiki suna cin robar, sai fallen ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa. PU ko a durowa ka ajiye shi, danshi yana lalata shi a hankali, don haka kada ka sayi biyu da nufin adana ɗaya. PVC kuwa, wata irin robar daban, ya fi tauri, tsagewa yake yi.

Don ofis, nemi na maikurofaiba. Shi ma roba ne, amma zare ne ƙanana aka curɗa robar ta ratsa cikinsu, shi ya sa ba ya saurin ɓarewa. In yana hannunka, lanƙwasa shi sosai kusa da hujin: in ya yi fari ko ya tattare bai koma daidai ba, ajiye musu kayansu. Ka kuma leƙa gefensa. Mai ɗinki a baki biyu ya fi wanda gam kaɗai ya riƙe.

Batun guda ɗaya ya yi aiki biyu, ni ban yarda ba. Na kwat siriri ne, faɗin santimita 3 zuwa 3.5, da ƙaramin kai mara ado. Madaukan jins sun fi faɗi, suna son kusan santimita 4. Siriri a jikin jins yawo yake yi, mai faɗi kuma da ƙyar yake shiga wandon kwat.

Hajjo_77 ta amsa:

Yayana, tambayarka ta biyu ce ta fi muhimmanci, don a nan ake yi wa mutane wayo. In ka ga an rubuta “bonded leather”, guntattakin fata ne aka niƙa aka haɗa da gam. Akwai kuma wanda ƙasansa fata ce aka shafe samanta da PU, ido ba zai gane ba. Juya bayan bel ɗin ka duba, sannan ka duba ɗan zoben da ake zura jelar a ciki, wani lokaci shi kaɗai ne na fata. Tambarin PETA ko na Vegan Society, ƙungiyoyin da ke ba da shaidar cewa babu kayan dabba a ciki, ya fi kalmar mai sayarwa.

Na maigidana na ɓawon itacen kok ne, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Fotugal ce kan gaba wajen samar da shi, kuma ba a sare bishiyar, ɓawon ake ɓarewa duk bayan shekara 9 ya sake tofowa. Ba shi da nauyi, ruwa ba ya damunsa. Sai dai mai launinsa na asali yana da ɗige-ɗige, bai dace da kwat ba, baƙin da aka rina za ka nema.

Injiniya_B ya ƙara:

Gaskiyar Hajiya. Amma kada sunan tsiro ya ruɗe ka. Piñatex, wanda Carmen Hijosa 'yar Sifen ta ƙirƙiro daga zaren ganyen abarba na Filifins, da Desserto na Meziko da ake yi da kaktus (tsiro mai ƙaya na hamada), wanda aka fito da shi a 2019, da na ɓawon tuffa na Italiya, galibinsu da roba a haɗinsu. Dabba dai babu, amma robar tana nan. Piñatex ma fuskarsa a yamutse take, ya fi kyau da jins.

Ɗan_Tela ya amsa:

Ni dai na yau da kullum ka huta da kwaikwayon fata gaba ɗaya. Sayi na saƙaƙƙen zare mai zobe biyu, ko mai kitso da tsinken ke shiga ko'ina. Babu huji, babu abin da zai dare, in ya yi datti ka wanke. Na ofis ɗin kuma ka ɗauki wanda ya ɗara awon ƙugun wandonka da kamar santimita 5, yadda tsinken zai faɗa hujin tsakiya. Kada ka shafa masa man takalmi, ba ya sha, tsumma mai ɗan danshi ya isa. Da dare ka zare shi daga wandon ka rataye.

Mai_Lissafi ya dawo:

Allah ya saka da alheri. Biyu zan saya ke nan: baƙin maikurofaiba na ofis, da na zare mai zobe don jins. Saura abu ɗaya: akwai wanda ya gwada irin mara hujin nan, mai haƙora a bayansa da kan yake kamawa ƙas-ƙas? Tunda a huji nawa ya mutu, shi nake hange, amma kan nasa ya yi min girma a hoto, ina tsoron ya turo gaban riga.