Yaron da fitsari ke kufce masa: abin da iyaye mata suka tattauna a Jidda

A zaman da matan Hausawa suka yi a Jidda, shawarar farko ita ce a daina dukan yaro kan fitsari. Wani lokaci jijiyoyin laka ne ba sa isar da saƙo ga mafitsara, musamman ga wanda aka haifa da ƙari a gadon baya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a lura da ɗigar fitsari dare da rana, da zazzaɓi mai yawan dawowa, da taurin bayan gida. Likita zai ɗauki hoton ƙoda ya auna matsin mafitsara, domin abin tsoron shi ne fitsari ya koma sama ya lalata ƙoda.

An daɗe ana tattaunawa a kan robar fitsari, wato robar da ake zurawa cikin mafitsara don fitar da fitsarin yaron da mafitsararsa ba ta iya fitar da shi duka da kanta. Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta zura siririyar robar duk awa 3 zuwa 4, fitsari ya gama fita ta zare. Wasu sun ce hannunsu rawa yake yi, amma a ganina barin mafitsara cike ya fi haɗari. Maganin oxybutynin kuwa, wanda ake bayarwa don sassauta mafitsara, yana rage gumi, don haka a zafin Saudiyya kada a bar yaro cikin rana.