Wa ke amfani da buɗaɗɗun manhajojin bakof a ma'aikatun Gombe?

Injiniya na Tumfure: Jama'a, ana ta yaɗa wata magana wai yanzu kowace ma'aikata da buɗaɗɗun manhajoji (waɗanda kowa zai iya saukewa kyauta, ya ga yadda aka rubuta su, ya gyara) irin su Bacula da Amanda take ajiye kwafin bayananta, wato bakof. Ni na ce ba haka ba ne. A garin Gombe kaf, makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati, masu amfani da su ba su taka kara sun karya ba. Mai ja ya fito.

Ɗan Bolari: Ina ja, Injiniya. Da me ka ƙirga? Idan ma'aikata ta sayi manhajar bakof ta kuɗi irin Veeam ko Acronis, akwai rasit, akwai lasisi, kamfanin ya san abokan cinikinsa. Bacula kuwa ka sauke ta yau, ka zuba a filashi ka raba wa duk wanda ka ga dama, babu mai rubuta sunanka. Ko Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, da ke da shirin ƙirga manhajojin da ake girkawa, sai wanda ya kunna shi da kansa ake lissafawa. Wa zai kunna shi a sabar asibiti, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansa?

Injiniya na Tumfure: Rashin rasit ba hujja ba ce cewa suna nan a ɓoye. Ni ɗakunan saba nake shiga, abin da idona ya gani nake faɗa.

Hajiya ta Jekadafari: Injiniya, suna kake nema a kan allo shi ya sa. A makarantarmu akwai akwatin ajiye bayanai na Synology a ofishin shugaba. Kullum da dare, muddin inbata ta riƙe, sabar sakamakon jarabawa tana tura wa akwatin kwafi da manhajar rsync. Je ka tambayi shugaban ko muna amfani da buɗaɗɗiyar manhaja, zai rantse maka akwati kawai muka saya. Alhali rsync tun 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da ita kyauta. Masu gyara da ke kwafe had dis ɗungurungum da Clonezilla kafin su sake girka Windows fa, su ma ba su cikin lissafi?

Injiniya na Tumfure: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, kwafe fayil daban, tsarin bakof daban. Bacula tana da kundi da ke tuna wane fayil aka ajiye, yaushe, a kan wane faifai ko tef. Ki ce ta dawo miki da na watan jiya, za ta dawo da shi. rsync kuwa in ba a tsara ta da kyau ba madubi ce kawai: fayil ya lalace da rana, da dare ta ɗauki lalataccen ta danne mai kyau. In da haka za a ƙirga, har sakataren da ke tura wa kansa takarda ta WhatsApp sai mu saka.

Ƙaramin ma'aikaci daga Pantami: Yallaɓai, in an ba ni dama. A ofishin gwamnati abin da ba shi da farashi ba ya shiga kasafi, abin da bai shiga kasafi ba kuma babu mai sa masa hannu. Tambayar darakta ɗaya ce: in ta lalace, wa za mu kira?

Ɗan Bolari: Akwai wanda za a kira, ƙanena. Bareos, wadda ta ɓalle daga Bacula a 2010, tana da kamfani a Jamus mai sayar da tallafi, Bacula ma tana da nata a Suwizalan. Sai dai ba da naira ake biya ba. Kuma wannan ne ma dalilin da nake ganin adadin ya ƙaru: tun da aka saki naira a Yunin 2023 sabunta lasisi ya zama aiki, na san masu kula da saba da suka koma buɗaɗɗun manhajoji irin Proxmox da BorgBackup ba tare da shugabanninsu sun sani ba. Ga kuma rukunin da babu mai son ambata, masu amfani da manhajar sata. Ka aika musu takardar tambaya ka gani ko za su rubuta gaskiya.

Hajiya ta Jekadafari: Ni abin da ya fi damuna ba sunan manhajar ba ne. A 31 ga Janairun 2017 wani ma'aikacin kamfanin manhaja na GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure. Hanyoyi biyar suke da su na ajiye kwafi, da aka zo nema ba su yi aiki yadda aka zata ba, suka yi asarar bayanan kusan awa shida. Waɗannan fa ƙwararru ne. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ma ba ta ambaci wata manhaja ba, kare bayanan mutane daga salwanta ta wajabta. In za mu yi bincike, a sa tambayar nan: yaushe rabon ku da gwada dawo da bayanai daga kwafin?

Injiniya na Tumfure: Na yarda a sa ta, amma kada a karkatar da zancen. Ina nan kan bakana. Mu tsara tambayoyi, kowa ya kai ma'aikatun unguwarsa, kuma mai kula da kwamfuta za a tambaya, ba shugaba ba. rsync da Clonezilla a ba su layinsu daban.

Ɗan Bolari: To amma mu da ke nan yawancinmu 'yan Linux ne, abokanmu za mu tambaya, sakamakon ya fito yana goya min baya, ka ce maguɗi aka yi. Sai an samo jerin makarantu da asibitoci masu rijista, a zaɓa ta hanyar ƙuri'a.

Ƙaramin ma'aikaci daga Pantami: Wanda ya ce ba su yin bakof gaba ɗaya fa, Yallaɓai, wane layi za a sa shi?

Hajiya ta Jekadafari: Ka buɗe masa nasa, kuma ka bar wuri da yawa.