Wanda ke tsayawa gaban 'yan baya, me za mu kira shi?

Jama'a, ku taya ni. Ina rubutu kan Akis Zikos, tsohon ɗan ƙwallon Girka, sai na cije a kalma ɗaya: defensive midfielder. “Ɗan wasan tsakiya” ta zauna daram, kowa ya san ta. Amma tsakiya faɗi gare ta, mai raba ƙwallo daban, mai ƙwace ta daban.

Ga wanda bai san shi ba: daga ƙungiyar Xanthi ya koma AEK, duk a Girka, a 2002 ya tafi Monaco mai buga gasar Faransa. Yana cikin 'yan wasan koci Didier Deschamps da suka fitar da Real Madrid da Chelsea a 2004, suka kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, Porto ta koci Mourinho ta doke su 3-0. A bazarar 2004 ɗin Girka ta ɗauki Kofin Turai ba shi a tawagar, abin da har yau yake yi mini ciwo. Ya dawo AEK a 2006, ya ajiye takalmi a 2008, daga baya ya koma rainon yara 'yan ƙwallo.

A gidan kallo “lamba shida” muke cewa, kuma ana ganewa. Sai dai lamba ba ta faɗin aiki. Yaron da aka ce wa “kai ne shida” ya san inda zai tsaya, bai san me zai yi ba. Mai horar da yara, irin aikin da Zikos ya koma, yana buƙatar kalmar da ita kanta darasi ce.

Wani yayana ya ce “mai tsaron tsakiya”. Yaya, na gode, amma muna da mai tsaron gida, muna da mai tsaron baya. Idan aka ƙara na uku, mai sharhi a rediyo zai sarƙe, mai sauraro ma haka. Wani ya kawo “garkuwa”. Ta yi daɗi a baki, sai dai garkuwa jira take a kawo mata sara. Wannan ɗan wasa ba ya jira. Duba shi lokacin da ƙwallo ke ƙafar abokin hamayya: idonsa ba a kan ƙwallon yake ba, yana kan wanda za a ba. Taku biyu zuwa hagu, ya toshe hanya, ya miƙe ƙafa, ya karɓe, ya tura wa na kusa da shi, ya koma mazauninsa. Ko tafi ba a yi masa.

Aikinsa ke nan, tarewa. Shi ya sa nake ganin “matarin tsakiya”. Daga tare, kamar yadda muka sami matuƙi daga tuƙa, maɗinki daga ɗinka. Jam'i “mataran tsakiya”, a ƙwallon mata kuwa “matariya”. Na gwada ta a jimla: “Zikos matari ne, ba mai cin ƙwallo ba.” Ta shiga. Na kuma gwada ta yadda koci zai yi tsawa daga gefen fili: “Matari, dawo!” Gajeriya ce, yaro zai ji ta cikin hayaniya.

Malamanmu na Hausa, idan ginin kalmar da gyara ku faɗa mini kafin dare. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke kallon ƙwallo da Faransanci, me kuke ce masa a can?