Don Allah me za mu kira albam da Hausa? Gobe da safe zan shiga situdiyo

'Yar Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a, taimako nike nema kuma na gaggawa. An ba ni sabon shiri a gidan rediyon da nike aiki nan Katsina, duk daren Asabar, masu sauraro za su riƙa bugo waya kowa ya faɗi fim ɗin da ya fi so da albam ɗin waƙar da ba ya gajiya da ji, ya kuma faɗi dalilinshi. Gobe Juma'a ƙarfe 9 na safe zan ɗauki tallar shirin, to shugaban sashenmu ya ce kar ya ji albam a bakina, fim dai an riga an ƙyale shi amma wannan in nemo Hausarshi. Na rubuta tarin waƙoƙi amma bai zamna mani ba sam. Sai na biyu, abin da 'yan fim ke ce ma sauntirak, wato waƙoƙin cikin fim haɗe da kiɗan nan da ke bin ƙarƙashin magana. Ku taimaka kafin dare ya yi.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Kundin waƙoƙi, an gama. 'Yan jarida sun daɗe suna rubuta shi haka.

Auta:
Bakandamiya mana Anti! ta fi daɗi a baki

Alhaji Mai Kaset:
A'a Auta, bakandamiya waƙa ɗaya ce, wadda mawaƙi ya zuba duk ƙarfinshi a ciki ya yi ma kanshi kirari. Shata na da tashi, Narambaɗa na da tashi, ba a ce ma waƙa goma bakandamiya.
'Yata, ni a sana'ar nan na tsufa, kuma mu faifai muka taso muna cewa. Tun zamanin garmaho aka ga abin baƙi mai faɗi zagayayye aka ce ai wannan faifai ne irin na rufe ƙwarya, sunan ya bi shi har ya zo kan sidi. Ita kanta kalmar da kike son gudu ɗin daga nan ta samo asali, faifan farko waƙar minti 3 ko 4 kawai fuska ɗaya ke ɗauka, to in kiɗan na da tsawo sai a raba shi a faifai da yawa a jera su cikin wani abu mai shafuka irin na aje hotuna, a sayar tare. Sai a 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai da ke cin sama da minti 20 kowace fuska, komai ya koma cikin guda ɗaya amma sunan bai canza ba. Don haka ni dai faifai.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Alhaji Allah shi ƙara girma, amma yanzu fa ba faifan. Yaro zai je wajen masu tura waƙa a zuba mashi a memori ko ya sauke a Audiomack, bai taɓa riƙe komai a hannu ba. Kuma faifai yanzu ko bidiyon minti ɗaya aka ɗauka a waya ana cewa faifan bidiyo, ma'anar ta yi yawa.

Malam Na Daura:
Salamu alaikum. Na karanta duka kuma ban gamsu da ko ɗaya ba. Kundi na takarda ne, kundin malam da yake tara fa'idoji, kundin digiri, kundin tsarin mulki, duk rubutu ne, ina ruwan kundi da kalangu? Abin da nike koya ma ɗalibaina tun kafin in aje aiki shi ne DAMI. Damin waƙa. Manomi ba ya kiran zangarniyar da ke zube a gona dami, sai ya zaɓo ya jera kawunan wuri ɗaya ya ɗaure da igiya, sannan a ɗauka a kai rumbu a matsayin abu guda. Haka mawaƙi ke yi, ya zaɓo waƙa takwas ko goma cikin waɗanda ya yi, ya jera ta fari har ta ƙarshe, ya sa ma abin suna ya sake shi rana ɗaya. Shi ya sa tari bai zamna maki ba 'yata, tari ba shi da tsari. Sabon damin wane ya fito. Ku faɗa da baki ku ji.

Maman Khalifa:
Malam ni dai da na faɗa da baki gero na gani wallahi. Amma bayanin ka a kan tsari gaskiya ne.

Ɗalibin Hausa:
Ranka shi daɗe Malam, in tsari muke nema ai muna da diwani, waƙoƙin sha'iri ɗaya da aka haɗa wuri ɗaya.

Malam Na Daura:
Diwani Larabci ne. Mun gudu daga Bature mu faɗa hannun Balarabe kenan?

Ɗalibin Hausa:
To Malam littafi da alƙalami fa, su ma ai daga Larabci suke kuma ba wanda ke jin su baƙi. Asibiti da tasha da mota daga Turanci suke. Ni matsalar diwani a wajena ba asalinshi ba ne, a kunnen mutanenmu ya riga ya tafi wajen bege da ƙasidu, ranar da Anti ta ce diwanin waƙoƙin soyayya a rediyo waya ba za ta huta ba. Na janye shi da kaina saboda wannan.

Bakano a Katsina:
Ku yi haƙuri amma wahalar da kanku kawai kuke. Masu sana'ar suna Kano, tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 harkar a can take, sunan Kannywood ma daga Kano aka cire shi, kuma duk wani mawaƙi da mai situdiyo albam yake cewa. Daidaitacciyar Hausa ma ai a kan Kananci aka gina ta. Abin da kasuwa ta karɓa shi ne Hausa, ki ce albam kawai ki wuce wurin.

Malam Na Daura:
Yaro a gaban mutumin Daura kake maganar wa ke da Hausa? Ka zo in kai ka rijiyar Kusugu ka ga inda tarihin ya faro. Shata da kuke taƙama da shi duk ƙasar Hausa a Musawa aka haife shi, da ya rasu a 1999 nan Daura aka rufe shi. Ku da kuka cika fim da rabin Turanci rabin Hausa, jarumi ba zai iya jimla ɗaya ba sai ya sa so ko bikos, ku ne za ku koya mana?

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Kuma wanda ya fara zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam, a Kwalejin Katsina ya yi karatu kuma a Midil ta Katsina ya koyar. Rubutacciyar Hausar da kake alfahari da ita akwai hannunmu dumu-dumu a ciki.

Bakano a Katsina:
Ban raina kowa ba Malam, Allah ya huci zuciyarka. Ni dai tambayata ɗaya ce, in ta ce dami a tallar nan mutum nawa ne a Funtuwa ko Malumfashi za su gane waƙa ake nufi ba tare da an yi masu bayani ba? Talla daƙiƙa 30 ce ba aji ba.

Malam Na Daura:
Ranar da aka fara cewa jirgin sama ma sai da aka yi bayani. Kowace kalma da ranar haihuwarta. In 'yan rediyo ba su fara ba wa zai fara?

'Yar Ƙofar Marusa:
Don girman Allah Baba Malam da Yaya Bakano ku bari, isha'i ta wuce ban rubuta komai ba. Duk garuruwan namu ne. Ku dawo mani kan maganar.

Alhaji Mai Kaset:
Bari in faɗi wani abu da zai shafi shirin naki kai tsaye, don ina ganin za ki ci karo da shi daren farko. Manyan makaɗanmu ba su yi albam irin wanda Malam ya siffanta ba. Shata bai zamna ya ce waƙa kaza ce ta fari kaza ce ta biyu ba, a gidan biki ko fada ko gidan rediyo aka ɗauke shi, mu masu kaset mu ne muke haɗawa. Mutum zai zo shago ya ce Alhaji a cika mani mai minti 90, fuskar farko Shata, ta biyu Ɗanƙwairo, in da sauran wuri a ƙarasa da Ɗan Maraya. In ɗauko uwar kaset in sa a na'ura mai baki biyu, in rubuta sunayen da biro a jikin takardar, in zaren ya zubo in sa biron nan dai a rami in murɗa shi ya koma. To dattijon da zai bugo maki daga Mashi ko Dutsi ya ce shi ba abin da ya kai mashi kaset ɗin Shata da ya saya shekara talatin da suka wuce, wannan ba dami ba ne ba kuma albam ba ne, kaset ɗinshi ne, kuma kar ki gyara mashi baki. Ni kaina in aka tambaye ni wanda na fi so, wani kaset ne na Narambaɗa da sautin kotson ke fita tsaf kamar kana zaune a wurin, ban san wanda ya ɗauka ba amma shi nike sawa in na rufe shago.

Ɗalibin Hausa:
Wannan magana ta Alhaji ta buɗe mani ido. Kuma ko a waje ma yawa ba shi ne sharaɗi ba, Fela yana da albam da yawa da waƙa ɗaya ce ke cinye fuska guda na faifai, biyu kacal kenan a ciki. Shi kuma Thriller na Michael Jackson na 1982 waƙa tara ne, yayana ya sa na san shi kuma har yau in na ji ɗaya sai kunnena ya jira wadda ke bi mata. Abin da ya haɗa su shi ne mai waƙar ne ya tsara ya sa suna. Kundi na ɗaukar wannan, don kundi mai shi ne ke haɗa shi da niyya, ko shafi biyar ne ko ɗari biyar. Waƙa biyu kuwa ba ta yi dami ba Malam.

Malam Na Daura:
Akwai ƙaramin dami.

Maman Khalifa:
Ku bar ni in taɓa na biyun tunda kowa ya manta da shi. Ni 'yar finafinan Indiya ce tun ina gidanmu, na da ɗin nan ba na yanzu masu fassara ba, kuma abin da ya riƙe ni muryar Lata Mangeshkar ce, da ta rasu a 2022 sai da na yi hawaye wallahi, ba na jin yaren amma in ta ja murya na san ko rabuwa ake ko haɗuwa. To a irin waɗannan finafinan abu biyu ne daban. Akwai waƙar da ake tsayar da labari a yi ta, wannan waƙar fim ce kowa ya sani, ita ce 'yan fim ɗinmu suka ɗauko har ta kai ana sakin waƙoƙin kafin fim ɗin ya fito don su ja kasuwa. Sai kuma kiɗan da ba baki a ciki, uwa na kuka goge na bin ta a hankali, ko mugu zai shigo ka ji ganga ta canza tun kafin ka gan shi. Ni wannan kiɗan rakiya nike ce mashi don raka labarin yake. Kuma a nan ne finafinanmu da yawa ke ba ni haushi, sai a ɗauko kiɗan fiyano guda a shimfiɗa tun daga farko har ƙarshe, ana mutuwa shi ne ana ɗaurin aure shi ne, har ya danne maganar 'yan wasan. In an buɗe layi ranar Asabar wannan zan fara faɗi.

Auta:
Sautin fim fa Mama? ya haɗa duka biyun

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Sauti ya yi faɗi Auta, ƙarar ƙofa da kukan jaki da hon ɗin mota duk sautin fim ne. Kiɗa da waƙoƙin fim ya fi, ko da ya yi tsawo.

Malam Na Daura:
Kiɗan rakiya ya yi, Hajiya Allah shi yi albarka, wannan Hausa ce tsantsa. Kun ga ashe ana iyawa in an so. To me ya hana dami?

Bakano a Katsina:
Kiɗan rakiya ni ma na yarda da shi, sai dai wani zai ɗauka na rakiyar amarya ne. Amma a cikin hirar fim za a gane.

'Yar Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri. Ga abin da na rubuta kuma na tura ma shugaban sashen ya ce ya yi: wane fim ne ya zamna maka a rai, wane kundin waƙoƙi ko kaset ne ba ka gajiya da ji? Na sa kaset saboda maganar Alhaji. In mai bugo waya ya ce albam ba zan tsayar da shi ba, ni dai a bakina kundi zan riƙa cewa. Auta kai ma ba ka tashi a banza ba, ƙarshen shirin akwai minti biyar da za a riƙa tambayar wace ce bakandamiyar mawaƙin da aka tattauna. Sauntirak kuwa ban samu kalma ɗaya ba, zan riƙa cewa waƙoƙin fim in waƙa ce, kiɗan rakiya in kiɗa ne, in wani ya samo wadda ta haɗa su ya turo. Baba Malam ka yi mani afuwa, dami ya yi ma'ana amma ina tsoron daƙiƙa 30 ɗin nan.

Malam Na Daura:
Ba komai 'yata, shirinki ne. Ban yarda kundi ya dace ba kuma ba zan fasa cewa dami ba, amma ya fi albam sau dubu. Ki dai tabbatar kin furta waƙoƙi da ƙa mai lanƙwasa, kar in ji wakoki. Ƙarfe nawa ake buɗe layin?

'Yar Ƙofar Marusa:
Tara da kwata na dare Baba, bayan labarai.