Karatun koyar da makafi da kurame: NCE ko digiri, kuma a ina?

Abban Walida: Assalamu alaikum malamai. Ana ta kukan cewa makarantun masu buƙata ta musamman ba su da isassun malamai. Yaron da ya gama sakandare kuma yake sha'awar wannan layi, ta ina zai shiga? NCE ya fi ko digiri?

Malam Na Tudu: Wa alaikumus salam. Ƙofa biyu ce, kuma duk ta JAMB ake shiga. NCE shekara 3 ce, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Wadda ta yi fice ita ce Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977. A can ɗalibi kan haɗa fanni guda, na makafi ko na kurame ko na masu raunin fahimta, da darasin da zai koyar kamar Lissafi ko Turanci. Digiri kuma shekara 4 ne, akwai sashen a Jami'ar Bayero Kano, da Jami'ar Jos, da ta Ibadan. Mai NCE zai iya shiga digiri kai tsaye ya fara daga aji biyu. Bayan kammalawa sai rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa.

Hajiya Malama: Malam ya faɗi ƙofofin, amma ni ina ganin ba sunan takarda ne abin dubawa ba. A je sashen a tambaya: injin Perkins, wato injin buga rubutun makafi, nawa ne ke aiki, kuma ɗalibai nawa ne ke layi a kansa? Rubutun makafi ɗigo 6 ne a gida ɗaya, suna ba da siffofi 63, kuma ba a koyonsa da kallon allo. Injin na da maɓallan rubutu 6, kowanne da ɗigonsa, ana danna su tare harafi ya fito. Allon hannu da tsinkensa kuwa, waɗanda ake huda ɗigon da su a takarda, daga dama ake hudawa zuwa hagu, a juya takardar a karanta daga hagu. Nan sababbin malamai ke rikicewa, su juya harafi, "d" ta koma "f", yaro ya hardace kuskure. Wanda bai zauna kullum yana hudawa ba, zai fito da sakamako mai kyau amma ya kasa duba aikin gidan makaho. Ga kuma alamomin lissafi, waɗanda darasi ne daban, shi ya sa malamin lissafi na makafi ya fi kowa wuyar samu.

Na kurame ma da nasa tarkon. Yaren hannun da ake koyarwa a makarantu ya samo asali daga na Amurka, tun zuwan Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke mai buɗe makarantun kurame, Ibadan a 1960. Kuramen Kano kuwa suna da tasu maganar hannu da suka gada. Malami ya zo da ta littafi, yaro ya zo da ta unguwa, sai a yi zaman kurame na gaske. Maganinsa shi ne ɗalibi ya riƙa zama da kurame manya tun yana aji ɗaya, kada ya jira zangon gwajin koyarwa.

Abban Walida: To Hajiya, in ana yaye malaman nan duk shekara, ina suke shiga?

Baba Sufeto: Yawanci wajen tura ma'aikata ake ɓatar da su, ɗana. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga yara 10 a makarantar musamman. Sai a ɗauki mai shaidar koyar da makafi a tura shi firamare ta gama-gari yana koyar da Hausa, a kawo wanda bai taɓa riƙe tsinke ba a ba shi ajin makafi. Cikin shekara biyu ko uku hannun na farkon ya mutu, don rubutun nan da maganar hannu ba sa son ajiya. Wasu kuma ƙungiyoyin agaji ke kwashe su aikin tafinta, inda kuɗi ya fi kauri.

Don haka in lokacin gwajin koyarwa ya zo, ɗalibi ya nemi a tura shi makarantar musamman ta gaske, irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri a jihar Filato, ya kuma karɓo takardar shaida daga shugaban makarantar ya haɗa da takardunsa na neman aiki.